Kawu Tanko da Mai Gadin Dawa

A gidan kakata ta wajen uwa na yi wayo, a Zuru, saboda mahaifinmu soja ne, yau yana wannan bariki gobe yana waccan. Idan aka gama girbi, sanyi ya fara saukowa daga duwatsu, da an idar da sallar isha'i sai Kaka ta sa mu kwaso karan dawa mu hura wuta a tsakar gida. Ta kwantar da tsohon turmi ta zauna a kai, ta miƙe ƙafafu, ta tura gyaɗa cikin toka. Hausarta a kasuwa da bariki ta koye ta. In tatsuniya ta yi daɗi sai ta zame cikin yarensu na C'lela ba ta sani ba, sai mun yi dariya sannan ta dawo. Ba ta taɓa fara labari ba sai ta ce, "Ga ta nan tahe, ku tara hannu." Mu kuma mu ce, "Ta sauka lahiya."

Autanta shi ne Kawu Tanko, ƙanin mahaifiyata, kuma shi ne abin alfaharin gidanmu. A filin bayan firamare ya fara ƙwallo ba takalmi. Wata ƙungiya a Sakkwato ta ɗauke shi, daga nan ya koma wata babba a kudu, har Allah Ya kai shi wata ƙungiyar Larabawa a arewacin Afirka. Mai tsaron baya ne, dogo, ba shi da yawan magana, ga haƙurin jiran mutum har ya sake ƙwallo da kansa. Masu zuwa gidan kallo suna cewa ba ya zamiya a ƙasa sai dole, kuma ba a cika ba shi kati ba. Kaka ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ta sani shi ne duk ranar da yake da wasa tana tashi da azumi.

Ina ajin farko na sakandare aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Wasanninsa na fari sun yi kyau, har masu kabu-kabu suka riƙa ɗaukar Kaka kyauta. Sai aka zo wani wasa wanda kunnen doki ma ya ishe mu wucewa. Maza suna gidan kallo, mu mata muna kewaye da rediyo. Dab da tashi muka samu bugun kusurwa. An ce masa ya tsaya a baya, amma zuciya ta ɗebe shi ya hau gaba neman sa wa ƙwallo kai. Ƙwallo ta dawo, wani ɗan wasan can ya kwashe ta ya bi ta gurbin da Kawu ya bari, ba kowa. Aka ci mu, aka fitar da mu.

Garin da ya ɗaga shi jiya shi ne ya fara yi masa dariya. Ina tare da Kaka a kasuwa wata mai ƙosai ta ce mata, "Tsohuwa, ashe ɗanki barin ƙofa ya yi buɗe ɓarawo ya shige."

Kaka ta ɗauki ƙosai ɗaya ta ɗanɗana, ta ce, "Naki fa, ƙofar wa aka taɓa ba shi tsaro? Gishirinki ya yi yawa yau."

Ba a jima ba Kawu ya iso gida. Ya shige ɗaki ya kashe wayarsa, abinci ma sai an kai masa. Ya gaya wa mahaifiyata shi da ƙwallo an rabu, zai karɓi gonar kakanmu ta hanyar Manga ya yi noma. Mun san ƙungiyarsa tana jiransa, kuma in aka koma wasa ba shi, wani za su sa a gurbinsa, shi ke nan. Yayyensa sun yi faɗa sun yi lallashi. Kaka kuwa ta ci gaba da hidimarta.

Wata ranar da muka hura wuta, sai ta ɗaga murya. "Tanko, taho ka tura mana kututturen nan, hannun yaran ga bai kai ba."

Ya fito ya tura. Da zai koma ta ce, "Zauna ka ɓare min gyaɗa, haƙorana sun yi ritaya." Ya zauna a kan dutsen niƙa, kansa a ƙasa.

Tatsuniyar wani saurayi ce a wani ƙauye na kan dutse, wanda aka ba gadin gonar dawa saboda birai. Tun asuba yake hawa rumfarsa da majajjawa, ba ya sauka sai duhu. Shekara da shekaru biri bai taɓa karya zangarniya ɗaya ba, saboda haka ba wanda ya taɓa yi masa kirari, tunda ba abin da ya faru. Maharba kuwa, ko zomo suka kawo sai an yi musu kiɗa, 'yan mata su yi guɗa. Ran nan wata gada ta gitta ta ƙarƙashin rumfarsa, tana ɗingishi. Ya ce a ransa, yanzu zan kamo ta in dawo, ni ma yau a kira sunana. Ya sauka ya bi ta. Bai samu gada ba, kuma kafin ya dawo birai sun yi wa gona kaca-kaca.

"Wanga yaro ya yi laihi ko bai yi ba?" in ji Kaka.

Muka ce ya yi. Na saci kallon Kawu. Ya daina ɓare gyaɗar.

"Ya yi, babba ma," in ji ta. "Ba mai wanke shi."

Ta ci gaba. Mutanen gari suka taru da sanduna. Saurayi ya ɓuya a cikin rumbun uwarsa, ya ce shi da gona har abada. Sai wata tsohuwa ta ratsa taro, ta buɗe rumbun ta ce masa ya fito. Ta ce a bayan dutse akwai ɗan fegin da birai ba su kai ba, dawar iri ce, in ta tafi ba shukar baɗi. Jama'a suka ce a sa wani. Tsohuwa ta ce, "Wanda za ku sa bai san zafin abin ba tukuna. Gada za ta gitta masa shi ma. Wanga kam ya riga ya ga gadarsa." Ta miƙa masa majajjawarsa. Ya hau rumfa ana zaginsa, ya tsare fegin har aka yanke iri.

"Sun yi masa kiɗa?" in ji ƙanwata Lami.

"Kiɗan mi? Tuwo suka ci baɗi, suka manta da shi." Ta karkaɗe zaninta. "Ta ƙare, wanda ya tsinci wani abu ya sa aljihu."

Kawu ya zuba mata gyaɗar a hannu ya tashi. Kafin makon ya fita na ga yana wanke takalmansa a bakin rijiya.

Ya koma. Ya yi shekaru a waccan ƙungiya har suka ɗaura masa kyaftin. An sake kiransa ƙungiyar ƙasa, galibi a benci, wani lokaci a sa shi a ƙarshe don a riƙe ci. Bai taɓa ci wa ƙasa ƙwallo ba. Da gwiwa ta fara ba shi wahala ya dawo gida ya ƙarasa a ƙungiyar da ta fara ɗaukarsa. Kaka ba ta ga wannan ba, Allah Ya jiƙanta Ya haskaka makwancinta.

Na girma da tatsuniyar nan a matsayin darasin tsayawa inda aka ajiye ka, kuma haka nake ba 'ya'yana. Bara da salla muka je Zuru, na ba su ita a gaban Kawu, yana zaune yana shafa man zafi a gwiwa. Da na kai wurin tsohuwa sai ya yi murmushi.

"Hajara, ba haka take ba fa," in ji shi. "Mu da muke yara mun ji ta sau ba adadi. Babu wata tsohuwa a ciki. Korarsa suka yi daji, ya zama biri, shi ya sa har yau biri ke leƙen gona daga nesa da kunya. Da kakarku ta fara ta a ranar, na zauna ina jiran ta kai wurin korar. Na ce ai gara in ji hukuncina daga bakinta."

Sai a lokacin na gane. Kakar da ko sunan kare ka canza a labari sai ta tsayar da kai ta gyara, ita ce ta shigar da kanta cikin tatsuniyar kakanninta don ta buɗe wa ɗanta rumbu. Ba ta rage masa laifi ko kaɗan ba, a gabanmu ta ce babba ne. Hukuncin kawai ta hana. Tun daga ranar, in ɗayan yarana ya yi ɓarna ya shige ɗaki, nakan tsaya a bakin ƙofa in roƙi Allah Ya ba ni irin harshenta kafin in buɗe baki. Kuma har yanzu da tsohuwar nake ba su labarin.