Makunnin Ɗakin Inna

Wata Alhamis ce a ƙarshen bazarar shekarar da na shiga aji uku. Na dawo daga makaranta na tarar da ƙafafun Baba kaɗai a waje, sauran jikinsa yana ƙarƙashin amjad ɗinmu, 'yar tsohuwar motar hayan nan mai inji a ƙarƙashin kujerar gaba. Motar tana ta huci kamar tukunyar da aka manta a murhu, Inna kuwa tana tsaye a bakin rumfa riƙe da jarka wayam. A Gadarif ruwa ba abin wasa ba ne. Ni ce mai tare mai jakin ruwa kowace safiya, ni ce mai taya Inna juyewa a randa, na kuma san yadda take adana ruwan wanke-wanke saboda kaji. Ga shi mota ta shanye na girkin rana. "Wannan abar ta fi 'ya'yana ƙishirwa," in ji Inna, ta dangwarar da jarkar ta shige ɗaki.

Kafin zuwan motar, Baba ɗan jongo ne, wato lebura mai bin manyan gonaki. Da ruwan farko ya sauka zai ɗaure ƙunshinsa ya nufi gonakin dawa na Gadambaliya, ba mu sake ganinsa sai an gama girbi, ya dawo a rame, tafin hannunsa a tsage kamar baƙar ƙasarmu da rani. Na tsani tafiyar nan. Duk shekara sai na ɓoye masa takalmi a buhun dawa, duk shekara kuma sai ya zaro abinsa yana dariya ya tafi. Da ya sami motar sai gida ya zama gida: yana nan da safe, yana nan da magariba, har 'yar carafke yakan tsuguna ya yi da mu a tsakar gida, a cinye shi ya ce duwatsun ne ba su da kyau. To, da yammar ranar nan ina sharar gindin rumfa na ji shi yana gaya wa Inna cewa jibi zai kai 'yan biki Hawata. In motar ta sake tafasa a hanya, zai sayar da ita ya bi wakilin gona, don tuni ya aiko nemansa. Tsintsiyar ta yi min nauyi a hannu.

Bayan sallar Juma'a ya kira ni in riƙe masa kwanon ƙusoshi. Ya ɗauki waya ya haɗa fankar da ke sanyaya lagireto kai tsaye da batir, sai ga ta tana juyi fir-fir. Ashe lafiyarta lau. 'Yar na'urar da ke jin zafin ruwa ta tayar da ita ce ta mutu, kuma ya zagaye kasuwa bai sami irinta ba. "Halas, shi ke nan," ya ce, "tunda ta daina ji, mu za mu riƙa ji mata." Makunni kawai yake bukata, ga shaguna a rufe. Inna, wadda na ɗauka ba ta ma sauraronmu, ta ɗauki wuƙar yankan kuɓewa ta shiga ɗakinta. Wuta dama an ɗauke tun safe, kamar yadda aka saba. Can sai ga ta da farin makunnin ƙwan ɗakinta, ta ajiye a kwanon da ke hannuna. "Da babu gara ba daɗi," ta ce, ba ta ko dubi Baba ba. A ranar na gane ba ni kaɗai ce mai ɓoye takalmi a gidanmu ba.

Baba bai bi da wutar fanka ta cikin makunnin ba, ya ce zai narke. Akwai wani ɗan baƙin akwati da ake kira katawut, shi ke ɗaukar nauyin wutar, makunnin kuwa taɓa shi kawai zai yi ya farka. Ya jawo wuta daga wajen makulli don kada fanka ta shanye batir in an kashe mota, ya sa fiyus a tsakani, ya ɗaure ɗaya wayar a jikin ƙarfen motar, ya naɗe kowace mahaɗa da salatif. Da ya zo kafa makunnin sai ya ja wayar, ya yi tsaki, ya ce gajeriya ce, ba za ta kai wajen direba ba. Ya kafa shi can gefen kujerar fasinja, inda hannunsa ba ya kaiwa, sannan ya nuna min allurar zafi. "Kulu, in ta wuce tsakiya ki danna, in ta sauko ki kashe. Kada ki bar fankar tana ta juyi, tsohuwa ce, za ta gaji."

Washegari wani dattijo cikin 'yan biki ya buɗe ƙofar gaba ya tarar da ni a hakimce. Baba ya ba shi haƙuri, ya ce kujerar ma'aikaciya ce. Ban ga komai na hanyar Hawata ba, ban ci ko dabinon da matan baya suka miƙo min ba, idona yana kan allura. Da rana ta take muka gangara wani busasshen rafi mai yashi, motar ta hau nishi, kujerar ƙarƙashina ta ɗau zafi, allura ta tsallake tsakiya. Na danna. Na ji fankar ta tashi, amma allurar ta ci gaba da hawa har ta kusa ja. Tsoro ya kama ni sosai, ina ta karanta duk abin da na iya a zuci, ina ganin ƙunshin Baba a ɗaure. Sai ta tsaya. Ta ɗan yi rawa, ta fara saukowa a hankali. Baba ya gyara hularsa, dattijon nan kuwa ya leƙo daga baya ya ce, "Ma sha Allah, ashe da gaske ma'aikaciya ce." Muka je muka dawo, jarkar ruwanmu cike.

Da ruwan farko ya sauka a shekarar, motocin 'yan jongo suka wuce ta ƙofar gidanmu, Baba yana zaune a rumfa yana shan jabana, gahawar nan tamu. Bai sake binsu ba. Ranakun makaranta duk wanda ya zauna a gaba shi ke dannawa, amma Juma'a da hutu kujerar tawa ce. Inna kuwa shekaru ta yi tana murza ƙwan ɗakinta da gefen zane in za ta kunna ko ta kashe, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Bara 'yar motata ta kamu da irin ciwon nan, na ce da hannuna zan yi aikin, Baba yana zaune a kan gado a rumfa yana ba da umarni da sandarsa. Ina jan waya daga wajen makulli sai na tsaya: ai wajen direba ya fi kusa. Na ce, "Baba, ashe wayar amjad ɗin nan ba gajeriya ba ce?" Ya kurɓi jabanarsa. "Yarinyar da ke ɓoye takalmi," ya ce, "gara a ba ta aiki kusa da mai takalmin." Amjad ɗin ta daɗe da zama akurkin kaji, yanzu kuma akwai makunni a kowane shago, amma ina kewar zafin kujerar nan. Na ƙara tsawon wayata na kafa makunnin a gefen fasinja, sannan na ƙwala wa 'yata kira. Wani nisan, da gangan ake yinsa don a zauna kusa.