Kin Ce In Bar Katakon Ya Yi Rawa

Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da hantsi, ina tsaye a shagona ina gyaran ƙafar wani teburi, sai ga 'yata ta shigo ko sallama babu. Ta ce, "Baba, Malama ta rasu." Ban tambaye ta wace Malama ba. A gidanmu Malama ɗaya ce, ke, mai koyar da yara kurame a ajin ƙarshen baranda, wadda iyaye suke kira Malama mai ganga. Na ajiye guduma, na zauna a kan tulin katako. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. An ce zazzaɓi ne ya kwantar da ke, bai kuma ba ki lokaci mai tsawo ba.

Ni kafinta ne. Da furfura a kaina na shiga ajin yamma na koyi haɗa baƙi, har yanzu alƙalami ya fi mini zarto nauyi. Amma abin da kika yi mana ya wuce a faɗe shi a wurin zaman makoki a tashi a watse.

Jikata tana jaririya wani ciwo ya tafi da jinta. Ina ce mata amaryata, irin tsokanar kaka da jika, sai dai amaryar ba ta taɓa jin tsokanar ba, balle ta rama. A asibiti aka ce akwai ɗan sauran ji, aka maƙala mata na'ura a kunne. Ta riƙa cirewa tana jefarwa a bayan randa. 'Yan layinmu suka sa mata suna bebiya. Uwarta takan shiga ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito. A haka muka kawo miki ita, tana riƙe da rigata kamar za ta yaga.

Ranar ba ki tambaye mu takarda ba. Durƙusawa kika yi, kika cire mata takalmi, kika ɗora tafin hannunta a kan fatar ganga, kika buga sau ɗaya. Yarinyar ta zabura, ta dubi hannunta, ta dube ki. Sai ta miƙo ɗaya hannun.

Da kika ji sana'ata, kika nuna mini daɓen ajin, kika ce siminti ba ya gaya wa ƙafa komai, in yi miki dandamalin katako da yara za su tsaya a kai. Na yi shi yadda na iya aiki. Na zaɓi katako mai kauri, na tokare shi ta ƙasa ta ko'ina, na cika ramin ƙarƙashinsa da yashi don kada ya yi ƙara. Ko giwa ta hau ba zai motsa ba. Kika hau ba takalmi, kika buga ganga, kika tsaya kina saurare da tafin ƙafarki. Sai kika fashe da dariya.

"Baba, aikinka ya yi kyau har ya ɓaci. Ka kashe shi. Ni katako mai rawa nake so."

Na ce, "Malama, kafintan da kayansa ke rawa ai ya gama cin abinci da wannan sana'a."

Kika ce, "To, yau za ka zubar da mutuncinka saboda amaryarka."

Na kwashe yashin, na zare matokaran, na shimfiɗa siraran alluna a kan rami. Yarana na shago suna dariya a ɓoye. A rayuwata ban taɓa yin aikin da ya fi wannan muni a ido ba, ban kuma yi wanda ya fi shi amfani ba.

A kansa kika koya musu. Ki buga, bugun ya bi katako ya hau ƙafafunsu. Bugu ɗaya, gaɓa ɗaya. Wani a ja shi, wani a datse. Sannan ki ɗora hannun yaro a maƙogwaronki ki furta, ki mayar da hannun nasa maƙogwaron, ki jira. Kin ce mini magana ma tana da kiɗanta, kuma yaro yana bukatar ya san inda ake ja da inda ake tsayawa kafin kalma ta zauna a bakinsa. Na gane, domin mu ma a ajin yamma da tafi aka rarraba mana kalmomi, tsofaffi da mu. Ba ki kuma taɓa hana su maganar hannu ba. Har mu iyaye kin zaunar da mu kin koya mana, kina gyara mini yatsuna masu kanta.

Abin bai zo da sauri ba. An daɗe ba abin da ke fita daga bakin jikata sai ihu. Ubanta ya gaji, ya ce shi bai kai 'yarsa makaranta don ta koyi rawa ba. Da ƙafarki kika zo gidanmu bayan an tashi, kika zauna a kan tabarma, ba ki yi masa alkawarin komai ba. Kin dai ce, "Gangar nan cikin jikinta za ta koma. Wata rana ba za ta nemi ganga ba, ba za ta neme ni ba." Ya bar ta ta ci gaba da zuwa.

Wata rana tana shagona, ta ɗora hannu a kan bencin aikina ina buga ƙusa. Sai ta riƙe mini hannu. Ta daki bencin sau biyu da tafinta, ta ce, "Ka-ka." Malama, ban san lokacin da na fita titi da guduma a hannu ba, garin katako har gira, ina tare duk wanda na gani ina cewa amaryata ta kira ni. Mai faci na kusa da mu ya ɗauka gobara ce. Bayan wani lokaci ta koyi wata kalmar, ranar da na ce mata amarya ta murguɗa baki ta ce, "Tso-ho." Da na kawo miki ƙara, kika rantse ba ke kika koya mata ba, kina ɓoye dariya da gyale.

Da muka gaya mata rasuwarki, da hannu muka gaya mata. Ta cire na'urar ta ajiye, ta rufe baki. A makaranta ta zauna a gefen dandamalin da takalminta, ta ƙi hawa. Na yi tsokana, na buga benci, ko kallona ba ta yi ba. Uwarta ta koma shiga ɗaki. Ni kuwa na tsorata, na ce ko muryar yarinyar nan ta bi ki ne.

A haka muka je yi wa mahaifiyarki gaisuwa. Tana zaune a tsakar gida a jingine da bango, ta yi kuka har hawaye sun ƙare. Na faɗi abin da ake faɗi, ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Sai jikata ta saki rigata, ta tafi gabanta ta durƙusa. Ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a maƙogwaronta, tana dukan tata cinyar a hankali da ɗaya hannun, ta ce, "Yi ha-ƙu-ri, Ka-ka."

Ba ganga a wurin, ba katako, daɓen ma siminti ne. Muryar ba ta fita tas ba, amma duk wanda ke tsakar gidan ya ji. Mahaifiyarki ba ta ɗauke hannunta daga wuyan yarinyar ba har muka tashi. Kin faɗa, Malama. Gangar ta koma ciki.

Washegari jikata ta hau dandamali, ta cire takalminta da kanta. Na gaya wa malamar da ta karɓi ajinki, duk allon da ya karye a aiko mini, muddin ina iya ɗaga guduma zan gyara, kuma zan bar shi yana rawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki, da abokan aikinki, da yaran ajinki waɗanda har yanzu suke leƙen ƙofa. Allah Ya ba su haƙurin rashinki, Ya raya abin da kika bari. Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Kowace kalma da za ta fita daga bakin yaran nan har ƙarshen rayuwarsu, Allah Ya sa ta a ma'auninki. Amin.