Neman Kakan Nafiou

Nafiou ɗan Damagaram ne, yana loda kayan mota a Ras Al Khor, a Dubai. Kakansa na wajen uwa ya fito aikin Hajji shekara sittin da suka wuce, ya ƙare yana dako a bakin ruwan Deira a wannan birnin, bai koma gida ba. Duk ranar hutu Nafiou yakan je laburare ya duba sanarwar rasuwa a tsofaffin jaridu. Shekara uku yana cin karo da sunayen attajirai kawai.

Wata rana ma'aikaciyar wurin ta ce, "Malam, da wuya a buga rasuwar ɗan dako."

Ya yi godiya ya fita. Har yau in mahaifiyarsa ta kira, cewa yake yi, "Inna, ina kan nema."