Sunan Danladi a Gefen Zabura

Shekara goma sha ɗaya ke nan da maƙwabcina Danladi ya sare mangwaron da ke kan iyakar gonata a Orozo, har yau bai ce mini in yi haƙuri ba.

Ni ban yi boko ba, da furfurata na koyi haɗa baƙi a coci. Tun daga nan, duk ayar da ta ambaci mugu, sai in rubuta "Danladi" a gefenta da biro. Irin nawa girma cikin ruhaniya ke nan.

Jiya zazzaɓi ya kwantar da ni, sai ga shi ya zo dubiya, har da kifi daga kasuwar Kado. Ya ɗauki Littafina Mai Tsarki zai karanta mini Zabura. Ya buɗe nan, ya buɗe can, ko ayoyin bai duba ba, sai hawaye.

"Dattijo, ashe kullum kana sa ni a addu'a?"

Na ce, "To... ana dai ƙoƙari."

Matata ta fice tana toshe baki da gefen zani.

Kifin dai na cinye, amma Littafin na kasa buɗewa. Ku masu ilimi, yau sai kun ba ni amsa: in faɗa masa gaskiya, ko in fara addu'ar? Kuma mangwarona fa?