Kazar Inna a Ɗakin 'Yan Tsaki

Shekarar da na fita takaba na fara kiwon kaji. Na riga na yi ritaya daga gidan rediyo, yara suna Kaduna da Abuja, gidanmu na Tudun Wada kuma ya yi mini girma. Na share ɗakin da muke ajiye hatsi a da, na shimfiɗa dusar katako, na sayi kurfoti biyu da buhun gawayi don ɗumama 'yan tsaki.

Mutum ɗaya ce take shigo mini kullum, tsohuwar maƙwabciyata da kowa ke kira Inna. Bayan la'asar take zuwa da ƙwaryar gyaɗarta, tana ɓarewa tana ba ni labarin wadda ta haihu da wanda ya rasu daga nan har Gyallesu. Ranar da ba ta zo ba, sai in wuni ban ji muryata ba sai a salla.

'Yan tsakin daga kudu aka kawo su cikin kwali, na je Kwangila na karɓa a hannun direba. Inna ta shigo yi mini barka kamar an yi haihuwa. Da ta gan su sun taru a gindin kurfoti suna kuka, ta ce ba ta taɓa ganin marayu da yawa haka ba, wane marar imani ne ya raba su da iyayensu? Na ce inji ne ya ƙyanƙyashe su. Ta ce inji ba shi da fiffike.

Washegari ta dawo da jar kazarta a hammata, wadda shaho ya kwashe wa 'ya'ya. Da hannunta ta ajiye ta a tsakiyarsu, ta ce kyauta ce, ga uwa ta kawo musu. Tsohuwa ba ta kawo maka abu da hannunta ka ce ta koma da shi. Kazar kuwa ta karɓe su. Ta baje fiffike, waɗanda suka samu wuri suka shige, Inna tana dariya tana ce mini in kalli abin da gawayi bai iya ba.

Kafin mako ya zagayo 'yan tsakin suka fara mutuwa. Tsako zai ware gefe, ya saki fiffike, ya rufe ido, ya daina ci. In na ɗaga shi sai in ji cikin ya kumbura, ya yi laushi. Kowace safiya ina tsintar gawarwaki a cikin dusa, ɗakin ya ɗauki wani wari da ba na kashin kaji ba.

Na zuba wasu a leda na kai wa likitan dabbobi a wani shago da ke hanyar Kongo. Ya sa safar hannu, ya kwantar da ɗaya rigingine, ya nuna mini cibiyar tukun: ta yi baƙi, da danshi, ba ta rufe ba. Sannan ya buɗe cikin da almakashi. Ya ce tsako yana fitowa daga ƙwai da ragowar ƙwanduwa a cikinsa, ita yake ci kafin ya saba da abinci, kuma a lafiyayye rawaya ce tana raguwa. Wannan kuwa ta yi ruwa, ta koma kore-kore, ta cika cikin, warin da na sani ya taso daga gare ta. Hantar ta kumbura ta yi duhu. Ya buɗe na biyu da na uku, duk haka. Ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta cibiya tun a wurin ƙyanƙyasa ko a cikin kwali, kafin su zo hannuna. Ya ba ni maganin zubawa a ruwan sha, ya ce waɗanda suka riga suka kwanta ba za su tashi ba.

Sai ya tambaye ni me ke shiga ɗakin. Na ambaci kazar. Ya ajiye almakashin.

"Hajiya, wannan cutar ba ita ta kawo ba. Amma wadda kazar gida kan kawo ta fi wannan, ba ta barin ko ɗaya. Yau ki fitar da ita. Duk mai kaji a gidansa kuma kada ya taka ɗakin."

Da yamma na ɗauki kazar na shiga gidan Inna. Na yi mata bayani daki-daki, daga cibiya zuwa ƙwanduwa, na nanata cewa likita ya wanke kazarta. Ta saurara har na gama.

"To 'yar nan, in ba laifinta ba ne, me ya sa kika dawo da ita?"

Na ce saboda gaba ne, kazar gida takan ɗauki cuta ba ta nuna ba. Ta dubi kajinta da ke kiwo a tsakar gida, ta dubi ƙafafunta.

"Ni ma a cikinsu nake wuni. Ashe har da ni ya hana."

Na ce ɗakin kaɗai ya ce, ba gidan ba. Ta ce ba komai, Allah ya raya saura. Ta karɓi kazar ta sake ta.

Mutuwar ta tsaya bayan 'yan kwanaki. Fiye da rabi suka tsira, suka yi gashi, suka cika ɗakin. Inna ba ta yi fushi irin wanda ake ba da haƙuri a kansa ba. In na shiga gidanta tana shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta kawo ruwa a kofin baƙi. Da safe takan leƙo ta kan katanga ta tambaye ni ya masu jiki. Wata rana na ce mata ta zagayo mana, ƙofa a buɗe take, na dafa shayi.

"A'a, sha abinki," in ji ta. "Daga nan ma ina jin ki."