Tambayoyin Alhaji Kan Kakana

Tun zuwanmu na farko gidan Alhaji a East Greensboro, nan Amurka, hankalina bai kwanta da shi ba. Ɗana ke neman 'yarsa. Alhajin mutumin Nijar ne, mai fara'a, amma fara'ar ta yi yawa, tambaya kuma ba ta ƙarewa. Wane gari kakana ya fito? Tsagar fuskarsa guda nawa? Me ya kai shi Najeriya?

Ni na san abin da ya kai shi. Bawa ne, ya gudu ya tsallaka iyaka. Iyayengijinsa suka biyo sawu, mai garin da ya sauka ya ce ba ya ba da baƙonsa. Ban taɓa gaya wa ɗana ba.

Shi kuwa yaron, aikin lauya yake karanta, bakinsa ba ya hutawa. Idan ya ɗauko ni daga aiki a unguwar Irving Park, inda nake jinyar wata tsohuwa, sai ya yi ta ba ni labarin rigimar jihohin ƙasar nan a da. Na kudu suna cewa tsarin mulki ya wajabta a maido musu bayin da suka tsere, wasu na arewa suna kafa dokokin da za su hana. Nakan ce masa ya kalli titi.

Wata Asabar Alhaji ya ce in zo ni kaɗai. Ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Hajiya, na bincika," ya ce. "Kakanki na gidan kawuna ne. Bon, ba matsala. Zan yi waya gida a 'yanta ku a gaban shaidu, sai a sa rana."

Na ajiye kofin.

"Alhaji, wanda ya tafi da ƙafarsa, wa ya rage a 'yanta?"

Ya yi murmushi, ya ce in je in yi shawara, don danginsa ba za su yarda da ƙasa da haka ba.

Har yau ba a sa rana ba. Ɗana ya rame, ya daina surutu a mota. Yarinyar tana kirana duk Juma'a ta gaishe ni, ina kuma sonta har raina. Amma ko da yaushe sai na kasa kunne, ko zan ji numfashin ubanta a kusa da wayar.