Sarbuland Khan, Jikan Mai Salka

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, uku ga Fabrairun 1998, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, Nawab Sarbuland Khan na Zafarkot ya amsa kiran Mahalicci yana da shekara sittin da takwas. Ba a harba masa igwa ba. Sau tara ake harba wa kakanninsa a zamanin Turawa. Yau igwar tana ƙofar fada, awaki na kwana a inuwarta. Sunan sarautar kawai ya gada, ƙasar ta shige cikin Indiya tun yana saurayi.

Huzur, kamar yadda muke kiranka don girmamawa, masu yabo sun yabe ka a jaridu, akasarinsu ba su taɓa shan shayi da kai ba. Ni Iltifat Husaini, da muka yi karatu aji ɗaya, ba zan yi maka ƙarya a kabari ba. Ka taɓa cutata, kuma ka fi kowa kyautata mini.

Kowa a Zafarkot ya san al'adar gidanku: Nawab ba ya miƙewa don kowa, ko don wakilin Turawa, amma in mai ɗebo ruwa ya shigo da salkarsa sai ya tashi tsaye. An koya mana cewa wani mai salka ne ya shayar da kakanku na farko a fagen yaƙi. Ni ma haka na koyar a kwalejin garin nan, har shekarar 1961, da na ci karo da wasiƙar Begum Zinat cikin wani akwatin fada. Da Farisanci ta rubuta, da hannunta. A 1853 mijinta, Nawab Sher Zaman, ya rasu ya bar ta da ciki. Dokar Kamfanin Turawa a lokacin ita ce, ƙasar da ba magaji tasu ce. Suka zuba dogarai a ƙofa suna jiran haihuwa. Ta haifi ɗa ba rai. A safiyar nan matar Kallu mai ɗebo ruwa ta haihu, Kallu ya farke salkarsa, ya sa ɗansa ciki, ya wuce dogaran. Wannan jariri shi ne Nawab Dilawar Khan, kakan mahaifinka. Ashe ɗa ne yake miƙe wa ubansa, jikoki suka gaji miƙewar ba su san dalili ba.

Na buga wannan ina tsammanin masana za su tafa mini. Mahaifinka ya sa aka kore ni, aka ƙone takardun. Kana tsaye a zauren fada lokacin da ya kira ni ɗan iska, ba ka ɗago kai ba. Mutumin da ya karanci tarihi da Farisanci ya ƙare a bakin gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙu. Shekara talatin da bakwai ke nan, ban yafe wa garin nan ba.

Amma bayan rasuwar mahaifinka, wata Alhamis, sai ga ka kan keke da kwanon shinkafa da wake. Ka zauna kan bencina.

"Iltifat, har yanzu kana fushi?"

"Ina fushi, Huzur."

"To ci abinci, fushi ma yana son ƙarfi."

Daga ranar ba Alhamis ɗin da ta wuce ba ka zo ba. Da matata ta rasu kai ka shiga kabarin ka karɓe ta. Shekarar da aka yi fari ka buɗe rijiyar fada ga unguwar masu salka, ka ce ruwansu ne. Sai dai kalmar da nake jira, cewa gaskiya na rubuta, ba ka taɓa furta ta a gaban mutane ba.

Makon da za ka rasu ka aika aka kira ni. Ka ce ni ka rubuta a wasiyya in karanta salsalar gidan ranar uku, lokacin da za a naɗa wa ɗanka Farhad rawani.

"Ka karanta ta yadda take," ka ce. "Ni matsoraci ne ina raye. Wataƙila in na mutu in yi ƙarfin hali."

Farhad, wanda muke kira Miyan don girmamawa, zai mayar da fada otal, ya riga ya buga takardun talla masu cewa gidanku jinin Afganawa ne tsantsa. Ya tare ni a ƙofa ranar ukun, yana kirana Chacha, wato baffa.

"Chacha, ga takarda, abin da ke ciki za ka karanta. Kada tsufa ya sa ka kauce hanya."

"Miyan, idona ya mutu. Da ka nake karatu."

Na jero kakannin tun daga na farko. Da na iso wurin, na ce, "Dilawar Khan, ɗan Kallu mai salka." Wani ya ce tsohon ya ruɗe. Farhad ya kawar da kai, kuma na san ba zan sake taka fadar nan ba. Daidai lokacin tsoho Ramzani ya shigo da salkarsa don yayyafa ruwa, kamar yadda ake yi a kowane naɗi. Farhad ya daɗe a zaune, rawanin bai gama naɗuwa ba. Sannan ya miƙe. Ko al'ada ce ta tashe shi ko jini, Allah ne masani.

Babu wanda ya mayar mini da shekaruna, Huzur, kai ma ba ka iya ba. Amma na yafe maka shirun nan na zaure. Ka tafi ba nauyina a kanka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Allah ya jiƙan Begum Zinat, da Kallu, da matarsa wadda ta ba da ɗanta, ba wanda ya rubuta ko sunanta. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Begum Sahiba, da Farhad Miyan da ƙannensa, da kuma mutanen unguwar masu salka, waɗanda ba wanda ya je yi musu gaisuwa, alhali ɗansu ne ya rasu.